Injin Shanyar Baba

Litinin, 4 ga Agusta, 2025

Yau ma bai sha ruwa ba. Kwana uku ke nan. Kurɓi ɗaya da magani da safe, kurɓi ɗaya da magariba, shi ke nan. Na kai mashi kofi har baki, ya juya fuska bango. Na ce, "Baba, don girman Allah." Ya ce, "Ba ni jin ƙishirwa, Uwata." Leɓenshi duk ya tsage, wai ba shi jin ƙishirwa.

Na san dalili, kuma ba ni da wanda zan faɗa ma. Shi ya sa na ɗauko ragowar littafin ga na makaranta. Wannan ba abin sa wa a sitatus ba ne.

Tun da hawan jini ya kada shi cikin azumi, ɓarin hagu ya mutu, fitsari kuma ba shi riƙuwa. Baffa Idi, ƙanenshi, shi ke shigowa da asuba ya yi mashi wanka ya canza mashi kaya. Wankin zannuwan gado nawa ne. Da rani ba damuwa, bayan ɗaki nike shanyawa bisa katanga, kafin in gama shara sun bushe, ba wanda ya gani. To yanzu damina, bayan ɗakin ya zama tafki. Dole igiyar tsakar gida. Ran Juma'a Inna Kubra ta fito kwashe nata kaya, ta ɗaga murya, "Latifa, yau huɗu? Jiya ukku na." Tagar Baba a buɗe.

Matar Baffa Idi fa. Matar ƙanenshi. Shekara talatin ba ta taɓa kiran sunanshi ba, ba ta taɓa taka ɗakinshi ba, in sunka haɗu a zaure sai ta ja mayafi ta duƙa. Yau ita ke ƙirga mashi zannuwa. Tun daga ranar ya rufe baki.

Na tsane ta. Na rubuta, kuma ba zan goge ba.

Talata, 5 ga Agusta

Na sa a guruf ɗin gida, "Baba ba shi shan ruwa." Ban faɗi dalili ba. Yaya Sufyanu ya turo hoton hannuwa biyu na addu'a daga Konni. Konni fa, inda ɗan kabu-kabu ke kai mutum kafin shayi ya huce. Matarshi ta turo zuciya. Zuciya!

Famfas na manya kam na gwada tun bayan salla. Ya wurgar da hannun da ke aiki, ya ce shi ba jinjiri ba ne. Ban sake ba.

Ɗazu ina kwance ina latse-latse sai ga bidiyon wata mata a ƙasar waje tana fiddo zanen gado daga inji, busasshe, har tana rungume shi kamar ɗanta. Na tashi zaune. Ai muna da irinshi! Cikin sito, ƙarƙashin tsoffin tabarmi. Lokacin da Baba ke sana'ar kayan Kwatano, firij da fanka da talabijin, ya haɗo da shi cikin wani lodi. Wata shida a shago ba wanda ya ko taya. Wa zai sayi injin shanya a Illela? Sai ya ɗauko shi gida ya ce ma Mama musamman ya sawo mata. Mama, Allah ya jiƙanta, ta san gaskiya sarai, amma har ta rasu in baƙi sunka zo sai ta kai su sito sun gani. Ina ƙarama na tuna shi shina juyawa. Daga baya ya mutu, ba wanda ya damu.

In ya tashi, ba igiya, ba ƙirga. Daga baho sai sito, daga sito sai gado.

Alhamis, 7 ga Agusta

Bayana kamar zai tsinke. Ni kaɗai na tura shi kusa da soket. Kashin ɓera ya kai mudu. Cikin gangar injin kuma samirun Mama ne guda uku da wani gyale nata mai ruwan toka da na daɗe ina nema. Na zauna ƙasa na yi kukana na ƙoshi, sannan na ci gaba.

Rubutun jikinshi ba Turanci ba ne, ba Faransanci ba. Na ɗauki hoto, waya ta ce Jamusanci ne. Da anka kawo wuta bayan azahar na jona. Ya kama! Gur, gur, gur. Na jiƙa ɗankwalina na jefa, na jira rabin awa. Ya fito a jiƙe yadda ya shiga, sai ƙarin warin ɓera. Shina juyawa, ba shi zafi.

Bidiyo goma sha na kalla. Akwai wani bature mai gemu, surutunshi ya fi aikinshi yawa, ga Turancin da sauri, ni da na tsaya aji uku na sakandare. Sai in riƙa tsallake wurin surutun in je inda hannunshi ke aiki.

Na faɗa ma Baba. Ya daɗe shina kallona, sannan ɓarin bakinshi mai motsi ya ɗaga. "Na Jamus na," ya ce. "Ba shi mutuwa, sai dai shi suma." Na ce to mu yi ciniki, rabin kofi yanzu, sauran ran da inji ya farfaɗo. Tsohon ɗan kasuwa, sai da ya ja aka koma kwata. Ya sha dai.

Lahadi, 10 ga Agusta

Ranar kasuwa, amma Malam Maccido mai gyaran firij ya zo da la'asar don darajar Baba. Shi ke gyara mashi kayan Kwatano tun ba a haife ni ba. Ya tsufa, goro ya rina mashi haƙora, sukundireba ɗaya a bayan kunne kamar biro.

"Ɗiyar Alhaji, mi za ki busarwa da wanga? Rana ta yi tahiya?"

Na ce sana'ar wanki da guga zan fara. Ya kalle ni, ya kalli ƙofar Baba, ya ce, "Allah shi ba da sa'a."

Ya kwance bayan. Gidan zanzaro bakwai ya ɓamɓaro. Sai ya kai ga wani babban rami a ƙasa, ya ƙwanƙwasa, ya yi salati.

"Wa yat toshe wanga? Siminti na hwa!"

Nan na tuna. Yaya Sufyanu ne, shekarar da ɓeraye sunka dame mu ya bi gidan duka da kwanon siminti, duk ramin da ya gani ya liƙe. Har da na inji. Malam Maccido ya ce ta nan zafi ke fita, abin numfashi shike yi kamar mutum. Da anka toshe, zafi ya taru, wani ɗan fiyus fari kamar ƙwayar magani ya ƙone don kada gida ya kama. Ya ciro ya sa mani a tafin hannu. Ɗan wannan abin. Shi ke tsakanin Baba da kofin ruwa.

Ya ce babu irinshi a Illela, a gwada Konni wajen masu kayan Kwatano. Na tura ma Yaya hoto ta gaba da ta baya. Ya ce, "An gama."

Inna Kubra ta tsaya bakin madafa tun zuwan mutumin har tafiyarshi, wai tsintar shinkafa take. Shinkafar awa biyu.

Laraba, 13 ga Agusta

Ruwan sama tun jiya. Zannuwa a ɗakina nike shanyawa yanzu, bisa ƙofa, bisa kujera, bisa akwati. Ba su bushewa, sai tsami. Ɗazu na shimfiɗa mashi mai danshi, ya ji sanyin a bayanshi, bai ce komai ba. Da ya yi faɗa da ya fi mani.

Yaya ya ga saƙona, layi biyu shuɗi. Shiru. Amma ya sa sabon hoto a sitatus, shina cin gasasshen nama.

Juma'a, 15 ga Agusta

Da safe Baba ya kira ni da sunan Mama. Ya tambaye ni ko lodi ya iso. Baffa Idi ya tsorata, ya kira mai kemis. Mutumin ya ja fatar hannun Baba, ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Ya juyo kaina, "Ke ba ki ba shi ruwa? Ƙodarshi kike so ta tsaya?" A gaban Baffa.

Ya sa mashi ƙarin ruwa leda biyu. Hankalinshi ya dawo kafin la'asar. Ruwan kuma ya bi hanyarshi, har katifa, har ƙasa. Ina kwashe zanen na ga hawaye na gangarowa cikin kunnenshi. Mutumin da 'yan dako ke miƙewa tsaye in ya shigo tasha.

Ya ce in mai kemis ya sake zuwa, kada in buɗe mashi.

Yaya ya zo bayan masallaci, minti ashirin. Ya kawo ayaba. Fiyus? Wai ya manta, kuma ai ni ke wahalar da kaina, in shanya a waje mana, wa bai san ciwo ba? Na ce to zo ka shanya. Ya ce ba ni da kunya. Ban faɗa mashi simintinshi ne ya kashe injin ba. A'a, na faɗa. Da ƙarfi ma.

Litinin, 18 ga Agusta

Na je shagon Malam Maccido da kaina, na tsuguna. Na ce ba wata sana'a, ƙarya nike. Ya ce, "Na sani, tashi."

Ya ce akwai hanya amma ba shi son ta. A cire maganar fiyus, a haɗa wayoyin biyu kai tsaye. Zai yi zafi, sai dai ba mai tsare shi in ya wuce kima. Ya sa ni maimaita abu biyu kamar karatun allo: bututu ya fita waje, kuma kada in bar shi shi kaɗai. Na maimaita. Gobe zai zo.

Talata, 19 ga Agusta

YA YI!!!

Wayyo Allah na. Malam Maccido ya fasa simintin, ya sa wani bututun roba ya fidda ta tagar sito. Wuta ta zo ƙarfe biyu. Zani biyu na sa. Da na buɗe, zafi ya bugi fuskata, na ɗauko su busassu ƙarau, da ɗumi kamar burodin safe. Da gudu na kai mashi. Ya sa hannun dama ya shafa, ya shafa, ya kai kumatu.

"Ban gaya miki ba? Suma yay yi."

Kofi biyu cur. Da magariba ya ce ko akwai fura. FURA! Na aika aka sawo wajen Fulani, na dama da hannuna. Sito bango ɗaya ne da ɗakinshi, ya ce in bar ƙofa a buɗe ya riƙa jin ƙarar.

Na so in ɗauki bidiyo in ɗora, har na fara, na tuna za a tambaye ni mi nike busarwa. Na goge.

Alhamis, 21 ga Agusta

Tagar sito tsakar gida take kallo. Ban yi wannan lissafin ba. Tururin na fita ya nufi ƙofar Inna Kubra kai tsaye, kuma duk yadda na ɗauraye, in zafi ya bugi zanen sai ɗan zarni ya tashi. Ɗazu ta fito tana fifita hanci da gefen mayafi. "Wai mi ka zarni haka cikin gidan ga?" Ba da ni take ba wai, da kaji take.

Allah ya sa Baba na barci. In ya ji, mun koma gidan jiya.

Na jawo bututun ciki na rufe taga. Sito ya zama kamar tukunyar dambu, bango na zufa. Sai dabara ta zo mani: na ɗaura tsohon zani ninki huɗu a bakin bututun da roba, na cusa cikin bokiti. Ba tururi, ba wari. Ai ba siminti ba ne, zani ne, iska na wucewa. Ni da kaina na yaba ma kaina.

Asabar, 23 ga Agusta

Na kashe shi.

Lahadi, 24 ga Agusta

Bari in rubuta, ko zan samu in ci abinci.

Jiya na sa zani uku, na ce bari in leƙa waya minti biyar a ɗakina. Wata rigima ake tsakanin wasu 'yan TikTok biyu, ban ma san su ba. Ina karanta kwament. Ban san lokacin da ya wuce ba. Ihun kaji na fara ji, sannan wari. Na fito na ga hayaƙi baƙi na fita ta ƙarƙashin ƙofar sito. Na tsaya kamar an dasa ni.

Inna Kubra ce ta ture ni. Ta sa muciya ta fizge wayar daga soket, ta kwaso ƙasar da ke bakin rijiya da kwano tana watsawa, tana tari. Ta jawo zannuwan da muciya ta tattake. Ta ga komai. Ta ga bokitin, ta ga zanen da na ɗaura, ta ga bahon da ke jiran layi.

Baba ya kira daga ɗaki, "Uwata, mi ka ƙuna?"

Kafin in amsa, Inna Kubra ta juya ta fuskanci madafarta, ta ɗaga murya kamar da iska take magana, "Wayyo wakena! Tukunya guda ta ƙone ƙurmus!" Ta wuce ɗakinta ba ta ko kalle ni ba.

Yau Malam Maccido ya zo ta ƙofar baya. Ya leƙa, ya shinshina, ya mayar da sukundireba bayan kunne. Ya ce wayoyin sun narke har motar da ke juya gangar, ko Bajamushen da ya ƙera shi ya zo sai dai ya yi ta'aziyya. Ya ɗaga zanen da na ɗaura da yatsa biyu. "Ku gidan ga, kowa yag ga rami sai ya toshe?"

Na koma bidiyon baturen mai gemu. Wurin surutun da nike tsallakewa, bututun shike nunawa, shina girgiza kai, har da hoton gida na cin wuta. Minti huɗu cur. Ko kurma ya gane.

Yaya ya toshe don ɓera. Ni na toshe don mi?

Talata, 26 ga Agusta

Kwana biyu ba wuta, na samu abin fakewa. Yau anka kawo tun hantsi, fankar ɗakinshi ta kama juyawa. Ya kalli fanka. Ya kasa kunne wajen bango. Ya kalle ni. Na miƙa kofi, ya sa bayan hannu ya ture a hankali.

Na fito na shiga sito na rufe. Wallahi ba shiri na yi ba, kuka na shiga yi. Waya na hannuna kamar kullum. Na rubuta ƙarar injin busar da kaya. Ashe akwai! Awa goma, ba komai sai gur, gur, gur. Wai turawa ke kunna ma jariransu su yi barci. Duniya.

Na haɗa da 'yar sifikata ta biki, na sa cikin gangar da ta ƙone, na jingina da bango. Ƙarfen ya ƙara mata kauri. Na koma ɗakin, na ce wata waya ce ta saki cikin inji, na gyara.

Ya sha. Kofi ɗaya da rabi.

Ban taɓa yi mashi ƙarya ba, ko ta canjin aike. Yau na yi, kuma ta zauna daram, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

To zannuwa fa? Biyar a baho, hadari kuma ya haɗo.

Laraba, 27 ga Agusta

Da safe ina tsugune bayan sito ina matsa, sai ga ƙafafun Inna Kubra. Ba sallama.

"Kawo."

Na ce a'a, na gode. Na ce ai ta iya ƙirga, ta ƙirga daga nan.

"Ke, rufa mani baki. Shekara talatin ina ɗaki guda da mai yi mai wanka, kina zaton sai ga igiya nis sani? Bakina na, ya riga ni. Na hwaɗi, ya wuce." Shi ke nan fa. Ba yi haƙuri, ba komai. Ta sunkuya ta ɗauki bahon ta ɗora a kai. Har ta juya ta dawo, murya ƙasa-ƙasa, "Kada shi sani. In yas san na taɓa shimhiɗa tai, ni da shi ba mu ƙara haɗa hanya har kushewa."

Bayan awa biyu ta ƙwanƙwasa tagar sito da muciya. Zani biyar a ninke, busassu, da zafinsu. A madafa ta rataye su sunka sha iska, sannan ta bi su da dutsen guga na gawayi ɗaya bayan ɗaya. Ta ce in kai tun ba su huce ba, kayan inji da ɗumi suke fitowa, ta ji ina faɗa.

Wato har wannan ta ji.

Juma'a, 29 ga Agusta

Tsarin ke nan yanzu. In anka kawo wuta in kunna sifika, in miƙa baho ta taga, ta hura gawayi. Wuta ta ɗauke in ruga in kashe kafin fanka ta tsaya. Jiya saura kaɗan, ina banɗaki.

Baffa Idi ya sani, shina yi kamar bai sani ba. Da asuba na ji shi shina ce ma Baba, "Yaya, injin ga naka ya ji magani." Manya uku da ni ta huɗu, muna wasan yara.

Data na tafiya kamar ruwa. Na bar TikTok, ba don na shiryu ba.

Yaya Sufyanu ya rubuta a guruf, "Alhamdulillah mun gyara ma Baba inji." Mun. An yi ta turo mashi tafi.

Litinin, 1 ga Satumba

Yatsun Inna Kubra biyu sun ƙone, gawayi ya zubo daga dutsen. Ta shafa man goge baki ta ci gaba. Na ce ta bari in karɓa, ta ce hannuna bai iya komai ba sai latsa waya.

Ba ƙarya ta yi ba, amma ba ita za ta faɗa ba.

Laraba, 3 ga Satumba

Na yi sakaci. Kullum ina cewa zan sauke bidiyon a waya, ban yi ba.

Bayan azahar ina ɗakinshi ina yanke mashi farce, inji na ta gur, gur ta bango. Sai ya tsaya cak. Kiɗa ya tashi, wata mata ta fara tallar man gashi da Turanci, da dariyarta da komai, daga cikin gangar, ƙarfen na amsawa. Daƙiƙa goma sha biyar. Na san tsawonshi don na ƙirga, kaina a ƙasa, ɗan yatsanshi a hannuna. Sannan gur, gur ya dawo kamar ba a yi komai ba.

Ban ɗago ba. Na jira ya janye hannu. Na jira ya juya bango.

Hannunshi na dama na bisa zanen da na shimfiɗa ɗazu, na ga babban yatsanshi na bin layin guga, daga sama har ƙasa. Akwai ɗan tabon toka a gefe, ban lura ba sai lokacin.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Rage mai murya kaɗan. Ya cika ƙara."

Na ce to. Na tashi. Har na kai ƙofa ya ce, "In kin dawo ki taho da ruwa."

Ya shanye. Idonshi a rufe ya sha, bai kalle ni ba, ni ma ban kalle shi ba. Da na karɓi kofin ya ce, kamar da rufin ɗaki shike magana, "A ce ma mai injin, Allah shi yi albarka."

Alhamis, 4 ga Satumba

Ban faɗa ma Inna Kubra ba. Ta yaya zan faɗa? In ta san ya sani, ta ajiye dutsen. Shi ma bai sake tada maganar ba. Da anka kawo wuta ya kalli bango, na je na kunna. Na sauke bidiyon yanzu, ba talla.

Kofi huɗu yau, zani shida. Bai warke ba, ba zai warke ba, mai kemis ya faɗa ma Baffa a zaure, na ji. Kuma har gobe in na tuna "yau huɗu, jiya ukku" sai haushinta ya dawo mani sabo.

Da la'asar dai na shiga madafarta. Hayaƙi ya sa mata tari, yatsun kuma sun tashi ruwa, ba yadda za a yi ta hura gawayi ta riƙe dutse. Na karɓi maficin. Ta ce ba haka ake fifita ba, zan tada toka. Na gyara. Ta matsa mani kujera da ƙafa.

Ba wai na yafe ba ne. Zannuwan ne da yawa.